Babban Yatsan Akawu

Ya sake ɗora yatsan a kan gilashin. Akwatin ya sake kawo jar wuta.

"Goge shi a jikin riga, ka hura masa iska," in ji yarinyar da ke kan teburin bakin ƙofa.

Akawu ya goge, ya hura, ya ɗora. Ja dai. Ina tsaye a bayansa na riƙe masa ƙugu, don ƙafafunsa sun kumbura, ba sa ɗaukarsa. A bayana ma'aikatan kamfanin sun yi layi, kowa da jakarsa, kowa yana duban agogo. Wani ya ja tsaki. Na waiwaya na dube shi, ya sunkuyar da kai.

"Baba, ku ɗan matsa gefe mutane su wuce."

"Wannan da na riƙe fa, itace ne?"

"Yi haƙuri, Baba. Na'urar ce ba ta gane shi ba."

Muka matsa jikin bango. Suka riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya. Mutum ya ɗora yatsa, wuta ta yi kore, ƙarfen ya juya, ya shige. Wasu sun san Akawu, suka ce masa ya jiki ba tare da sun tsaya ba. Wasu suka duƙufa a kan wayoyinsu. Shi kuwa yana ta kallon babban yatsansa kamar yau aka ba shi aronsa.

"Ka gani, Baba?" ya ce. "Ni na zo, yatsan ne ya ƙi zuwa."

Maƙwabcina ne. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ni na gina ta da hannuna, don magini ne ni kafin gwiwa ta ajiye ni. Shekara ashirin da wani abu ya yi a wannan kamfani, shi ya sa unguwa take ce masa Akawu. Na taɓa tambayarsa aikin me yake yi a ciki. Ya ce takarda ce take zuwa ta hagu, ya buga mata hatimi, ta wuce ta dama. Na ce daga nan fa? Ya ce wata ta zo. Ɗakin ba shi da taga. Da safe ya fita da riga a goge, da yamma ya dawo rigar tana nan a gogenta, shi ne ya yamutse.

Rana ɗaya ya ajiye aikin. Ta kan katanga na ji, don matarsa ba ta rage murya ba. Washegari na kira shi.

"Korarka aka yi?"

"A'a."

"Wani abu ya ɓata a hannunka?"

"Haba, Baba."

"To me?"

"Ran nan na fito daga ofis na tarar da ƙasa a jiƙe. Na tambayi mai gadi, ya ce tun safe ake ruwa, yanzu aka ɗauke. Ina ciki ban ji ba, ban gani ba, ko ƙamshinsa ban shaƙa ba."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Saboda ruwa ka bar abincin 'ya'yanka? Ai da ka gaya mini, da duk ranar da aka yi na aika a faɗa maka."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Filin da ke gefen gidansa, inda ake zubar da shara, shi ya share. Ya kewaye shi da ragar waya, ya kafa ɗan ɗaki na kwano, ya fara rainon furanni a cikin leda. Fure. Abin da ba a ci, ba a zama a inuwarsa. Ya kuma koyi zuba tukwanen siminti na dasa su. Sai ya tara yashi mai laima, ya yi masa siffar tukunya a kife, ya lulluɓe shi da kwaɓi, ya bi da tafin hannu yana shafewa har ya yi sumul. In ta yi ƙwari ya juya ta, ya kwashe yashin. Masu motoci kan tsaya su saya. Ba a yi arziki ba, ba a kwana da yunwa ba. Matarsa ta ɗauko keken ɗinkinta ta toshe inda ke yoyo. Ya yi baƙi, ya rame, ya koyi fito. Duk shekarun da muka yi katanga ɗaya ban san yana da wushirya ba sai a wannan filin.

Abu ɗaya na gaya masa tun farko. Na ce ya riƙa sa safar hannu, siminti ba ɗan'uwan fata ba ne.

"Baba, shekara ashirin ban taɓa komai ba sai takarda. Bar ni in ji abin da nake taɓawa."

Ba na maimaita magana. Na bar shi.

Sai ciwon ya zo. Ƙoda. Likita ya ce sai an riƙa wanke masa jini, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, har illa ma sha Allahu. Aka yi na farko-farko da abin da ke gidan. Keken ɗinkin matarsa ya tafi, 'yan kunnenta suka bi shi. Daga nan hannu ya kai ƙasan tukunya. Ita ce ta wanke ƙafa ta je wajen Manajan kamfanin, wanda suka fara aiki tare da Akawu tun suna samari. Ta dawo da magana. Ashe ba a rufe sunansa ba, a matsayin mai dogon hutu aka bar shi. In ya zo ya ɗora yatsa na'ura ta karɓa, ya koma kujerarsa ko da zama ne kawai, asibitin kamfani zai ci gaba da wankin.

Ya ce ba inda za shi. Ta zo ƙofata ta durƙusa.

"Baba, kai kaɗai yake jin nauyi. Ni ban hana shi furensa ba. Na yi faɗa, na gaji, na haƙura. Amma kar ya mutu mini a kan taurin kai. Auta ko makaranta ba ta gama ba."

Na shiga na same shi a kwance. Na ce, "Gobe za ka sa riga, ni zan kai ka." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce to. Abin da ya kawo mu jikin bangon nan ke nan.

Manajan ya sauko da kansa. Mutumin kirki ne, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Ya rungumi Akawu, ya sa aka kawo kujera. Ya kama yatsan ya juya shi wajen haske. Ba zane ko ɗaya. Sumul, yana ƙyalli kamar bayan cokali.

"Me ka yi wa hannunka haka?"

"Aiki," in ji Akawu.

"To a ɗauki wani yatsan mana," na ce. "Ai goma Allah ya ba shi."

"Duk haka suke, Baba. Kuma ko da suna da zane, wannan kaɗai na'ura ta sani. In aka ɗauki sabo, ya zama sabon ma'aikaci. Sabon ma'aikaci kuwa sai likita ya duba shi kafin a karɓe shi." Ya dubi ƙafafun Akawu. Bai ƙarasa ba.

"Kai ba ka san shi ba?"

"Na san shi kamar yunwar cikina."

"To rubuta ka ce shi ne."

"Da a hannuna abin yake, da tuni an wuce wurin. Babban ofis ba ya duban rubutuna. Abin da akwatin nan ya aika, shi suke gani."

Na ce a nuna mini hanyar babban ofishin. Ya ce ba a garin nan yake ba, shi kansa bai taɓa taka shi ba. Na dubi akwatin. Ko rabin bulo bai kai ba. Guduma ɗaya ta ishe shi. Amma mutum ake yi wa faɗa, wannan ba shi da kunne.

"Zanen yana dawowa," na ce. "Nawa ma siminti ya cinye, da na ajiye aiki suka fito. Sai dai hannu ya huta, a riƙa shafa masa mai."

"Zai daɗe, Baba?"

"Fata ba ta gaggawa."

"Zan riƙe masa sunan iya ƙarfina," in ji Manajan.

Matarsa ta kama maganar da hannu biyu. Tun a ranar ta kwashe cokalin gini da kwanon kwaɓi da ragowar buhun siminti, ta zuba a ɗakin kwanon, ta danna kwaɗo, ta miƙo mini makullin.

"Baba, riƙe. In yana wurina zai lallaɓe ni."

Safe da yamma ta mulke masa hannuwa da man shafawa, ta zura masa safar makarantar Auta, ta ɗaure a wuyan hannu da ƙyallen ɗinki. Haka yake zama a kujerar roba a bakin filin, hannuwa a cinya, kamar ɗan damben da aka hana shiga fili. Ba ya taɓa ƙasa, ba ya taɓa ruwa. Ita take ba shi abinci a baki.

Ban ruwan furannin ya faɗo kaina. Ni da na ɗora bene a kan bene, na koma yawo da bokiti ina shayar da ciyawa. Yana zaune yana ba ni umarni.

"Baba, wannan ba ta son ruwa da yawa."

"Ita ta gaya maka?"

"Dubi ganyenta mana."

"Na duba. Ganye ne."

"A gindi za ka zuba, ba a ka ba. Ba wanka kake yi mata ba."

"In ka ƙara magana kai zan zuba wa."

Ya fara dariya, numfashi ya yanke masa ita.

Akwai wani dashe da ya daɗe yana raino tun yana ɗan tsinke. Ya girma, saiwarsa ta fasa ledar. Kullum idonsa yana kansa. Ya ce tukunya yake so, babba, kuma duk manyan an sayar. Na ce in zuba masa ɗaya.

"Kai bango ka iya, Baba. Taka za ta fito da kusurwa huɗu."

Wata rana da hantsi, matarsa ta tafi karɓo magani, ya kira ni kusa.

"Baba, makullin."

"Ba kai ka ba ni ba."

"Da hagu zan yi. Ai damar suke so."

"Ba a shafe tukunya da hannu ɗaya. Ka sani, na sani."

"Rabin yini kawai. Kafin ta dawo na wanke, na mayar da safar."

"A'a."

"Kai ma ka zama mai gadi ke nan."

"Na zama."

Ya juya kai. Ranar bai ƙara ba ni umarni ba. Ni kuma na bi su ɗaya ɗaya na zuba musu ruwan a gindi.

Ciwo bai jira fata ba. Kumburin ya hau daga ƙafa zuwa ciki, fuskarsa ta cika, numfashinsa ya koma guntu-guntu. Abinci ya daina zama. Dangi suka haɗa abin da suka iya aka yi wanki ɗaya, ya ɗan farfaɗo, ya sake komawa. Kullum da safe matarsa ta kwance safar, ta ja hannun zuwa bakin ƙofa wajen haske, ta kira ni.

"Baba, zo ka duba. Kamar sun fara fitowa, ko?"

Idona ba na da ba ne. Amma na ga wani abu, siriri kamar sawun tururuwa. Na ce sun fara. Ta riƙe yatsan da hannu biyu kamar ƙwai.

"Duk jikina ba wanda ake gaisarwa sai wannan," in ji shi. "Ni ɗan rakiya ne."

"Yi mana shiru, Baban Auta."

Sai Manaja ya aiko. Babban ofis zai share sunayen waɗanda suka daɗe ba su ɗora yatsa ba. Ba zai iya riƙe na Akawu ya wuce ƙarshen wata ba. Muka ɗauki tasi muka koma, wannan karon har da matarsa. Sai da layi ya ƙare muka shiga. Ni da mai gadi muka ɗauko shi daga mota, ƙafafunsa suna jan ƙasa.

Ita ta kwance safar. Ta goge man da bakin mayafinta, a hankali, ta hura wa yatsan iska da bakinta, ta ɗora shi da hannunta.

Ja.

Yarinyar teburin ta taso ba wanda ya kira ta. Ta goge gilashin, ta kama yatsan ta danna, ta mirgina shi hagu da dama. Ja. Ta ce a ɗan jiƙa shi. Aka jiƙa. Ta ce a busar. Aka busar. Na sunkuya na duba. Kumburin ya ja fatar ta miƙe kamar ganga, ɗan zanen da ya fito ya baje.

Manajan yana gefe da waya a kunne, yana ta cewa ranka ya daɗe, ranka ya daɗe. Can ya sauke ta ya sa a aljihu, bai dubi kowa ba.

Matar ta sunkuya daidai akwatin, kamar mai magana da yaro ta taga.

"Shi ne," ta ce a hankali. "Wallahi shi ne."

Mai gadi ya koma bakin ƙofarsa.

Daga inda muke ana hango dogon lungun da ke kaiwa tsohon ɗakinsa. Akawu ya ɗaga kai ya dube shi.

"Wa ke kan kujerar yanzu?"

"Ba kowa," in ji Manajan. "An daina hatimi. Kwamfuta ke yi."

"Ka ji, Baba. Shekara ashirin, ko magaji ba a nema mini ba."

Muka kamo hanya a mota har muka kusa gida. Kansa yana kan kafaɗata, ina jin yadda ƙirjinsa yake ja.

"Maman Auta," ya ce. "Kin ce in je, na je. Kin ce in koma, na koma. Ban ƙi maganarki ba."

"Wata bai ƙare ba tukuna."

"Kumburin ba zai sauka ba sai an yi wanki. Wankin ba za a yi ba sai kumburin ya sauka. Ke ma kin gani."

Ta juya fuska wajen taga. Direban ya rage rediyo.

Da muka sauka ya ƙi a shiga da shi gida. Ya kama ragar wayar filin ya tsaya.

"Baba, makullin."

Tana tsaye a wurin. Na sa hannu a aljihu na fito da shi. Na dube shi, na dube ta. A wajen gini, mutum talatin kan tsaya suna jiran abin da zan ce, in na ce a rushe a rushe, in na ce a ɗora a ɗora. A nan na laluba ban sami komai ba. Na miƙa mata.

"Ke kika ba ni. Ga ajiyarki."

"Baba, ka ce wani abu mana."

"Ba ni da shi, 'yata."

Ta juya wajensa. Muryarta ba ta tashi ba.

"In ka taɓa simintin nan ka san abin da ka yi?"

"Na sani."

"Ka zaɓi tukunya ka bar ni ke nan. Tun ranar da ka ajiye aikin nan ni nake biyan farin cikinka. Na biya da keke, na biya da 'yan kunnena. Yanzu kuma da me zan biya?"

"Ba ni da bakin da zan ce miki ƙarya kike yi."

"To?"

"Ba zaɓa na yi ba, an riga an zaɓar mini. Abin da ya rage nake roƙo. Kar in ƙare a kujera, hannuna cikin safar Auta."

Ta damƙe makullin ta shige gida. Ni na kai shi ɗaki.

Washegari na fito da bokitina kamar kullum. Ɗakin kwanon yana buɗe, kwaɗon yana rataye. An jawo buhun waje, ga sawunsa a ƙasa. An shimfiɗa tabarma a inuwar katanga, yana zaune a kai ya jingina da bango. Tana durƙushe a gabansa tana kwance ƙyallen. Ta zare safar ɗaya, ta zare ɗayar, ta haɗa su ta ninke. Idonta ya kumbura. Ta gaishe ni, na amsa.

Ni na tara yashin, shi ya gaya mini inda zan ƙara da inda zan rage. Ni na yi kwaɓin. Ya ce ya yi tauri, na ƙara ruwa. Ban yi gardama ba. Muka jawo shi kusa, ta zauna a bayansa ta tare shi da ƙirjinta don kar ya faɗi.

Ya tsoma hannu biyu a cikin kwanon har wuyan hannu. Ya rufe ido. Ya daɗe a haka, har na ɗauka barci ya yi.

"Da sanyi," ya ce.

Aikin da a da yake gamawa kafin shayi ya huce, shi ya cinye mana safiya. Ya ɗebo kwaɓi ya manna, ya shafe faɗin tafi ɗaya, ya huta. Ya sake. Gumi yana zuba, tana goge masa da mayafi. Inda hannunsa bai kai ba, muka juya shi ya kai. Sau ɗaya na miƙa cokali zan gyara masa baki, ya ture shi da gwiwar hannu. Masu wucewa suka riƙa tsayawa a jikin raga suna cewa a'a, jiki ya yi sauƙi ke nan. Ita take amsa musu. Ta ce da sauƙi.

Da rana ta take ya sauke hannu. Tukunyar tana kife a kan yashinta, ta karkace gefe ɗaya, bakinta wani wuri kauri wani wuri siriri. Da a wajen aikina ne da ƙafa zan ture ta.

"Yaya, Baba?"

"Ta karkace."

"Amma za ta tsaya?"

"Za ta tsaya."

"A riƙa yayyafa mata ruwa safe da yamma har ta yi ƙwari. In ta bushe da wuri tsagewa za ta yi."

"Ni za ka koya wa siminti?"

Ya yi murmushi. Ta jawo bokitina ta wanke masa hannuwa, yatsa bayan yatsa. Fatar babban ta yi fari, ta saɓule. Ba wanda ya kai shi wajen haske.

Bai ƙara fitowa ba. Aka aika makaranta aka ɗauko Auta. Na yi ta shiga ina fita, ba abin da nake kaiwa, ba abin da nake ɗaukowa. In zauna, in ce sannu, in tashi. In je in yayyafa wa tukunyar ruwa, in dawo in ce masa na yayyafa.

Ranar da abin zai faru, da yamma, na ji ana buga katangata da tafin hannu. Na shiga. Fanka tana juyawa, an buɗe taga, kwalaben magani suna jere a kan akwati. An tokare shi da filo don ba ya iya kwanciya. Auta tana riƙe da ƙafarsa. Matarsa tana gefen gado, ta sa masa hannu a goshi. Kowane numfashi sai ya ɗaga kafaɗa ya jawo shi, kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi.

Na zauna na dafa kafaɗar. Ya buɗe ido ya gane ni.

"Baba."

"Ga ni."

"Kar ka juya ta tukuna. Ba ta yi ba."

"Na sani."

"Kai da gaggawa."

Daga nan bai ƙara magana da ni ba. Matarsa ta matso da bakinta kusa da kunnensa tana yi masa addu'a, leɓensa yana bin ta. Kafaɗar tana tashi a ƙarƙashin hannuna, tana sauka. Tana tashi, tana sauka. Na ɗauki bulo da hannun nan, na tare katangar da ke shirin faɗuwa da shi. Ranar ajiye shi kawai na yi a wurin, har kafaɗar ta sauka ba ta tashi ba.

Muka kai shi. Mutane sun zo, har da masu motocin da ke sayen fure. Manajan ya zo ya zauna kusa da ni, yana ta share ido, yana cewa da ya sani da ya yi kaza. Ban ga laifinsa ba. Ba shi ya yi akwatin ba, ba ni na yi fatar ba.

Gari ya waye na ɗauki bokiti, don siminti bai san an yi rashi ba. Ƙofar ragar a buɗe take. Tana tsugune a gaban tukunyar da ƙaramin kofi, ta lulluɓe kanta. Sai ta zuba ruwa a tafin hannu, ta watsa da yatsu, ta sake zubawa.

"Haka ake yi, Baba?"

"Haka ne. Ƙara ta wancan gefen."

Ta zagaya a tsugune. Na ajiye bokitin kusa da ita, na tsaya. Ruwan yana sauka a kan simintin yana mayar da shi baƙi, yana gangarowa ta gefen da ya karkace, yashin ƙasa yana shanyewa.